Gayyar kwamfuta: tarihin masu ba da aron na'urarsu, da yadda tsohuwar laftof ɗin Sabuwa ta kayar da mu

1/
Jama'a, a zangon karatun da ya wuce mun yi wani musu a ɗakinmu na makaranta, musun da ya ja ni karatun tarihi na kusan wata biyu. Mu uku ne a ɗakin: ni ɗan Ƙanƙara, Mubarak ɗan Faskari, Sagir ɗan Sabuwa. Abin da ya haɗa mu: laftof ɗin wa ta fi ƙarfi? Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo, amma akwai labari.

2/
Mubarak ne ya fara. Tasa irin ta masu wasan gem ce, da katin hoto na Nvidia, idan ta tashi fankarta kamar injin markaɗe. Tawa Core i5 ce ta hannu. Ta Sagir kuwa tsohuwar Core i3, batirinta ya mutu tun kafin mu san shi, a zare waya ta ɗauke. Kullum Mubarak sai ya ce masa, "Malam, wannan ai fitila ce mai madannai."

3/
Rannan Sagir ya gaji, ya ce a daina cika baki, a ba su aiki ɗaya a ga wadda za ta fi yi. Wajen neman aikin da za mu ba su ne na gano cewa tun kafin a haife mu akwai mutane a duniya da wannan ne abin sha'awarsu: su ba masana kimiyya aron kwamfutar gidansu kyauta, sannan su yi ta gasar ta wa ta fi aiki.

4/
Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san gayya. Mai gona ya ga noma ya fi ƙarfinsa, ya kira samarin gari, ya tanadi fura da goro. Kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana zuga, kowa yana satar kallon na kusa da shi kada a wuce shi. Ba a biyan kowa. Amma a tambayi wanda ya fara fita ƙarshen kunya, zai ce ya samu abin da ya fi kuɗi. To wannan ce dai, sai dai gonar lissafi ce.

5/
Ga yadda take aiki. Masani yana da lissafin da kwamfuta ɗaya za ta shekara dubu ba ta gama ba. Sai ya yanyanka shi ƙanana, ya ɗora a intanet. Manhajar da ka saka ta ɗauko yanki ɗaya, ta yi shi a lokacin da ba ka amfani da na'urar, ta mayar da amsa, ta karɓo wani. Da yayyafi kogi kan cika.

6/
Tunanin ma ya girmi kwamfuta. A 1922 wani masanin Ingila, Lewis Fry Richardson, ya yi lissafin cewa idan ana son hasashen yanayin duniya ya riƙa riga yanayin zuwa, sai an tara mutum 64,000 a wani ƙaton zaure, kowa da yankinsa na taswira, yana lissafi da hannu yana miƙa wa na kusa da shi. Ba a taɓa gina zauren ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kan ruwan sama.

7/
Gayya ta farko da ta yi suna a kan sirri aka yi ta. A 1977 masu tsarin ɓoye saƙo na RSA suka fitar da wata lamba mai alƙaluma 129, suka ce wanda ya gano lambobi biyun da aka ninka aka same ta zai ci dala 100. A lokacin an ɗauka sai an yi shekarun da suka fi shekarun duniya yawa. A Afrilun 1994 mutum wajen 600 suka warware ta cikin wata takwas, suna aika sakamako ta imel.

8/
A 1996 wani mai rubuta manhaja a Amurka, George Woltman, ya kafa GIMPS. Aikinsu farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa, wato irin su 7, 13 da 31, waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Suna bin wani jinsi nasu: ka ninka 2 sau da yawa, ka cire 1. A Nuwamban shekarar Joël Armengaud na Faransa ya samo musu ta farko.

9/
Abin da ya burge ni a nan, sa'o'inmu ne suka riƙa cin abin. A 1998 Roland Clarkson, ɗalibi ɗan shekara 19 a Kalifoniya, ya samo lamba mafi girma da aka sani a lokacin. A 2001 Michael Cameron, ɗan shekara 20 a Kanada, ya samo wata da kwamfutar gida mai gudun 800 MHz. Wayar da ke hannunka yanzu ta fi wannan na'urar nesa ba kusa ba.

10/
Kada wani ya ce wasa da lambobi ba namu ba ne. Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi ya bar ƙasar Katsina zuwa aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimin lambobi, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Da alƙalami da tawada ya yi nasa. Da ya ga Core i3 ɗin Sagir, ba na jin zai raina ta.

11/
A 1997 aka kafa distributed.net. Kamfanin RSA ya sa gasa: a gano mabuɗin wani saƙo da aka kulle. Hanya ɗaya ce, a gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tarin makullai a bakin ƙofa. Mabuɗi mai tsawon 56 ya faɗi a Oktoban 1997 bayan kwana 250. Mai 64 ya ci kwana 1,757, sai a 2002. Mai 72 sun fara shi a Disamban 2002, kuma har yau ba a gama ba.

12/
A nan gasa ta kankama. Sun riƙa fitar da jadawali: wa ya gwada mabuɗai nawa jiya, wace ƙungiya ce a gaba, wace ƙasa ce ta ɗaya. Mutane suka shiga kwatanta na'urori, masu Pentium da masu AMD da masu Mac kowa yana kare nasa, kamar musun 'yan ƙwallo a gidan kallo. Wasu har ƙara wa na'ura gudu suke fiye da yadda kamfani ya tsara, su ƙara mata fanka don kada ta ƙone.

13/
Wanda ya kai abin gida-gida shi ne SETI@home, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ranar 17 ga Mayu 1999. Wani ƙaton faranti a Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico yana ɗauko sautin rediyo daga samaniya, su kuma kwamfutocin gida suna tace shi ko za a ji saƙon wasu halittu daga wata duniyar. Sama da mutum miliyan 5 suka shiga.

14/
Tambayar da na san tana bakinku: sun ji wani abu? A'a. Sun shekara 21 suna rarraba aiki, suka tsaya ranar 31 ga Maris 2020 ba tare da sun tabbatar da saƙo ko ɗaya ba. Farantin Arecibo ma ya rufta a Disamban wannan shekarar. Amma sun bar gado, domin su suka nuna wa duniya cewa talakawan kwamfuta idan suka taru suna iya ja da manyan na'urorin gwamnati.

15/
Duk inda aka sa maki, sai an samu mai maguɗi. A SETI@home an samu masu mayar da amsa ɗaya sau da yawa, da masu taɓa manhajar ta yi sauri ta ba da amsar banza, duk don sunansu ya hau sama. Ba kuɗi fa ake ba su ba, suna ne kawai a jadawali. Irin mai noman gayya ne da zai rufe ciyawa da ƙasa ya wuce, don makaɗi ya ambace shi.

16/
Maganin wannan yana cikin dalilan da suka sa David Anderson na Berkeley ya fara BOINC a 2002. Manhaja ɗaya ce, ka saka ta, ka zaɓi binciken da kake son taimaka wa. A yawancin ayyukanta ana aika yanki ɗaya ga na'urori biyu ko fiye da ba su san juna ba. Sai amsoshinsu sun yi daidai za a ba da maki. Ita muka saka mu uku.

17/
Yanzu ma'auni. Ƙarfin kwamfuta a wannan fage da FLOPS ake auna shi, wato yawan lissafin da take yi a daƙiƙa ɗaya. A tsarin BOINC, na'urar da ke lissafi biliyan 1 a daƙiƙa, idan ta kwana ta wuni tana aiki, maki 200 take samu. Akwai jimlar makinka tun farko, akwai kuma matsakaicin na kwanan nan, wanda ke zubewa da zarar ka kashe na'ura.

18/
Ku lura da kalmar "ta kwana ta wuni". Maki ƙarfi ne a ninka da lokaci. Doki mai gudu da ya yi awa ɗaya, jakin da ya wuni yana tafiya zai iya wuce shi. Mu ukun babu wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin ranar da muka fara. Mubarak dai dariya yake, yana cewa a ba shi kofinsa tun yanzu.

19/
Don ku ga nisan tafiyar: ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a 1946, nauyinta wajen tan 30, tana haɗa lamba 5,000 a daƙiƙa. ASCI Red ta gwamnatin Amurka ita ta fara kai lissafi tiriliyan 1 a daƙiƙa, a ƙarshen 1996, kuma ɗaki guda ta cika. Yau katin hoton da ke cikin laftof irin ta Mubarak ya wuce wannan adadin a takarda.

20/
Akwai ɗan Najeriya a gefen wannan tarihi. Philip Emeagwali yana cikin waɗanda suka ci kyautar Gordon Bell a 1989, da lissafin kwararar man fetur a ƙarƙashin ƙasa, a kan wata na'ura mai ƙananan ƙwaƙwale 65,536. Wannan gaskiya ne, kuma dabarar raba aiki ce irin wadda muke magana. Amma zancen da ake yawo da shi cewa shi ya ƙirƙiro intanet, tarihi bai goyi bayansa ba. Mu yaba masa da abin da ya yi.

21/
Sai Folding@home, wanda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a Oktoban 2000. Furotin ɗin jikinmu kamar zare yake, sai ya naɗe a wata siffa kafin ya yi aikinsa. Idan ya naɗe ba daidai ba, cuta ta samu, irin ciwon mantuwa na tsufa. Kwaikwayon naɗewar a kwamfuta yana cin lissafi mai yawan gaske, shi ya sa suka kira gayya.

22/
A 2007 Sony ta saka manhajar a PlayStation 3. Eh, irin wadda muka riƙa biyan kuɗi muna buga ƙwallo da ita a shagon gem. A Satumban shekarar Folding@home ya wuce lissafi tiriliyan 1,000 a daƙiƙa, har ya shiga kundin Guinness. Masu taƙama da manyan kwamfutoci suka wayi gari na'urar wasan yara ta ba su rata.

23/
Maris 2020, korona ta zo, mu aka rufe mana makarantu muka koma gida. A can kuwa mutanen da aka kulle a gidajensu suka yi ca a kan Folding@home don nazarin furotin ɗin ƙwayar cutar. Daga masu shiga wajen 30,000 aka haura miliyan. Kafin watan ya ƙare sun wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, a Afrilu suka kai wajen ninki 2.4 na haka.

24/
Na'ura guda ɗaya ba ta kai wannan matsayi a hukumance ba sai 2022, da Frontier ta Oak Ridge a Amurka. Sai dai a yi adalci: ma'aunin ba ɗaya ba ne. Babbar na'ura tana iya aikin da kowane ɓangare ke buƙatar jin ta bakin ɗan uwansa a kowane lokaci. Gayya kuwa sai aikin da ke yankuwa, kowa ya tafi da nasa. Za a iya gayyar noma, amma ba a gayyar ɗinkin hula ɗaya.

25/
To ina Afirka a labarin nan? A 2006 aka buɗe malariacontrol.net ga jama'a, ƙarƙashin shirin Africa@home. Cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ce da haɗin gwiwar CERN da Jami'ar Janiba, kuma akwai 'yan Mali da Kamaru cikin waɗanda suka haɗa shi. Ana kwaikwayon yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro: idan an raba gidan sauro me zai faru, idan an kawo rigakafi fa? Ya yi aiki har 2016.

26/
A nan jikina ya yi sanyi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. Duk wanda ya shiga asibitin garinsu a watan Agusta ko Satumba ya ga yara a kwance. Shekara goma kwamfutocin wasu mutane a Turai da Amurka suna lissafin ciwonmu, mu ko labari ba mu da shi.

27/
Ga na biyu. IBM ta kafa World Community Grid a Nuwamban 2004. A 2014 sun yi aikin neman maganin Ebola. A Oktoban 2019 kuma, tare da Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan, suka fara aikin kwaikwayon ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, yanki-yanki ƙanana, don a gyara hasashen da ƙananan manoma za su dogara da shi. Zauren Richardson ke nan, bayan kusan shekara 100.

28/
Ruwanmu na damina ba ya bin ƙa'idar gari guda. A yi kamar da bakin ƙwarya a Sheme, a Yankara ko ɗigo babu. Manomin masara da ya yi shuka da ruwan farko, aka ɗauke kwana goma sha, ya yi asarar iri. Wanda ya zuba taki aka yi mamako, ruwa ya tafi da kuɗinsa. Kawuna ya taɓa sake shuka sau biyu a damina ɗaya. Wannan lissafin, cikinmu yake shafa.

29/
Mu koma ɗakinmu. Mun zaɓi Einstein@Home, mai neman wasu taurari masu juyawa da sauri suna fitar da sigina kamar fitilar mota mai kewayawa. Tun 2005 yake, kuma a 2010 kwamfutocin wasu miji da mata a jihar Iowa da wani mutum a Jamus suka gano sabon tauraro irin wannan. Sharaɗinmu: wata ɗaya, a lokacin hutu, kowa a gidansu. Wanda ya zo ƙarshe zai sayi tsire.

30/
Kafin mu tafi mun yi gwajin awa uku a makaranta da aka kawo wuta. Ta Mubarak ta ninka tawa, ta Sagir kuwa ba a ma maganarta. Mubarak ya ɗauki hoton allon ya ɗora a WhatsApp. Sagir bai ce komai ba, ya naɗe cajarsa mai salatif ya saka a jaka.

31/
A gida aka ga gaskiya. Ni a Ƙanƙara wuta sai ta ga dama, wani lokaci kwana biyu babu. Idan aka kawo cikin dare sai in tashi in kunna. Idan aiki ya kammala kuma sai sabis ya ƙi, in fita bakin titi ina ɗaga waya. Kowane yanki yana da wa'adi, idan ka makara an ba wani, wahalarka ta tafi a banza. Sau biyu hakan ta same ni.

32/
Na Mubarak ya fi nawa. Laftof ɗinsa idan tana wannan aikin ba ta awa ɗaya a batir. Ya gwada janaretan gidansu kwana biyu, Alhajinsu ya tambaye shi ko taurarin ne za su riƙa sayen fetur. Ga zafi, ƙasanta kamar tandar waina. Sati na biyu ya ce shi fa ya haƙura, kada ya ƙone abin da zai rubuta furojet da shi. Kuma yana da gaskiya.

33/
Sagir fa? Yayansa yana da shagon cajin waya mai sola da batura. Ya ce, "Yaya, don Allah ka ba ni soket ɗaya a lungu na wata guda." Ya ɗora tsohuwar a kan bulo biyu don iska ta ratsa, ya rage mata aiki zuwa rabi don kada ta yi zafi. Daga safe har dare tana ta ɗan abinta. Ranar da muka haɗa maki shi ne na ɗaya, ni na biyu. Mubarak ya sayi tsire.

34/
Mun yi dariya, amma ni abin ya tsaya min. Jadawalin ƙasashe na waɗannan ayyuka, Amurka da Jamus da irinsu ne a sama. Da na ɗauka ƙarfin kwamfuta kawai yake nunawa. Yanzu na gane har da wutar da ba ta ɗaukewa da intanet ɗin da ba a lissafa shi da megabait. Ko a can ma abin yana canzawa: lambar GIMPS ta Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320, Luke Durant ya same ta ne da dubban katunan hoto na haya a cibiyoyin bayanai.

35/
Mu kuma akwai abin da ya fi wuta. A Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Watanni muka yi sai ka yi tafiya kafin ka kira ɗan uwanka. Wannan bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020. Yaron da ya tashi a haka, ba ƙwaƙwalwa ce ta hana shi shiga jadawali ba.

36/
Na san wani zai ce, "ai mu ma muna mainin a waya." Ku bambance. Dangwale allon da muka yi ta yi a 2024 ba lissafi wayarka take wa kowa ba, lokacinka da idonka da mutanen da ka gayyato ake so. A gayyar kimiyya na'urarka aiki take na gaske, tana ɗumi, tana shan caji, kuma tun farko an faɗa maka babu ko kwabo. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ka shiga BOINC, ka riƙe aljihunka.

37/
Gargaɗi ga masu kallon ɗakin kwamfutar makaranta suna lashe baki. David McOwen, ma'aikacin wata kwalejin fasaha a jihar Jojiya ta Amurka, ya saka manhajar distributed.net a kwamfutocin makarantar, hukuma ta ce ba da izini ba. Aka kai shi kotu. A 2002 aka sasanta, ya biya dala 2,100 da aikin al'umma na awa 80. Niyya mai kyau ba ta maye gurbin izini. Ko Sagir sai da ya tambayi yayansa.

38/
Idan za ka gwada: ka yi da na'urarka, ka ɗora ta inda iska ke ratsawa, ka shiga saiti ka hana ta aiki a batir, ka rage kason ƙwaƙwalwar da za ta ci, ka sa iyakar data. Akwai ta Android tun 2013, amma a zafin watan Afrilu ni ba zan ba da shawarar a gasa waya ba. Idan laftof ɗin ita kaɗai gare ka kuma da ita kake karatu, ka bar ta ta huta. Babu laifi.

39/
Abin da ya fi damuna ma ba shigarmu gayyar wasu ba ne. BOINC kyauta ce, kowace jami'a tana iya kafa nata aikin ta kira duniya ta taya ta. Muna da sassan lissafi da kwamfuta a Katsina da Dutsin-Ma da Zariya. Muna da tambayoyi: yaushe ruwa zai zauna a kudancin Katsina, wane wata sauro ya fi ɓarna a wace gunduma. A gayya, mai gona shi ke cewa ga inda za a fara. Har yanzu ba mu zama masu gona ba.

40/
Na kai wa wani malaminmu maganar a matsayin furojet ɗina na ƙarshe: ƙaramin gwaji, laftof goma na 'yan ajinmu, aiki ɗaya a yanka musu, in auna nawa ke dawowa kan lokaci idan wuta da sabis suna yankewa. Ya ce in rubuto shafi biyu ya gani. Mubarak ya ce zai ba da tasa idan akwai wuta. Tsohuwar Sagir kuwa tana can Sabuwa a kan bulonta, yayansa ya ce a bar ta, ba ta damunsa.

41/
Idan kana Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa ko kewaye, kana da tsohuwar kwamfuta da sola ko da ƙarami ne, ka rubuto a ƙasa: wace iri ce, awa nawa take samun wuta a rana. Ina tattara wannan ne don shafi biyun nan, kuma ranar Litinin zan miƙa. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.